Warshar Asabar ga ɗalibanmu na kimiyya da injiniya: ku ba ni shawara

Ustaz Bashir (Kassala):
Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malamai da injiniyoyi da iyayen wannan zaure, shawara nake nema.

Tun da yaƙi ya ɓarke a nan Sudan ranar 15 ga Afrilu, 2023, yaranmu masu karatun kimiyya da injiniya suka watsu. Na Jami'ar Khartum, na Jami'ar Sudan ta Kimiyya da Fasaha, na Jami'ar Jazira, wasu suna nan Kassala, wasu Gadarif, wasu Bur Sudan. Da yawa sun ci gaba da karatu ta waya: a turo lacca ta Telegram, a haddace, a je wata cibiya a rubuta jarrabawa. Mun gode Allah da karatun bai tsaya cak ba. Sai dai ɗakunan gwaji da dama an wawashe su ko an lalata su, kuma ko an koma, ba yau ba gobe za su sake cika da kaya. Shi ya sa za ka ga yaro ya kai aji uku a injiniyan lantarki, ya haddace dokar Ohm tsaf, amma hannunsa bai taɓa riƙe mita ya auna batir ba.

Ina so in fara warsha, wato bitar aikin hannu, kowace Asabar a harabar wani gida da aka ba mu aro. Babu lacca. A raba yara huɗu-huɗu, a ba kowane rukuni matsala ta gaske daga cikin unguwa, kada a faɗa musu amsa. Su auna, su zana, su ƙera, su gwada, in ya ƙi su sake. Abin da nake nema shi ne yaro ya saba tsayawa gaban tambayar da ba ta da amsa a ƙarshen littafi, bai firgita ba.

Da wace matsala zan fara? Kuma ina ramukan da zan iya faɗawa?

Bashmuhandis Adamu (Bur Sudan):
Wa alaikumus salam ya Ustaz. Niyyarka mai kyau ce, amma da na ji kalmar warsha sai gabana ya faɗi. Kafin yaƙi an sha kiranmu irin waɗannan taruka a ɗakunan otal, wai za a koya mana tunanin ƙirƙira. A liƙa takardu masu launi a bango, kowa ya faɗi abin da ya zo bakinsa, a tafa, a sha shayi, a raba takardar shaida da kuɗin mota. Ranar Lahadi kowa ya koma ofis yana aiki yadda ya saba. Ban ga mutum ɗaya da ya sauya ba. Ni a ganina ƙirƙira baiwa ce. Wanda Allah ya ba, zai fito ko an koya masa ko ba a koya masa ba. Wanda bai ba, ko shekara ya yi yana liƙa takarda, a nan zai tsaya.

Ustaz Bashir (Kassala):
Bashmuhandis, irin waccan ni ma ba ta nake nufi ba. Tamu babu otal, babu kuɗin mota. Amma batun baiwa ban yarda da kai ba. Yaron da tun firamare aka horar da shi a kan cewa kowace tambaya amsarta ɗaya ce kuma tana wurin malam, ta ina za ka gane ko yana da baiwar ko ba shi da ita? Ba a taɓa ba shi fili ba.

Baffa Sale (Maiwurno):
Salamu alaikum 'ya'yana. Ni tsohon malamin lissafi ne, kuma tsorona daban ne da na Adamu. Tsorona kada a tara yara a koya musu kame-kame a kira shi ƙirƙira.

Bashir, bari in ba ka misali. Manomi yana so ya ɗaga ruwa mita kubik 20 a yini daga rijiya mai zurfin mita 15, da hasken rana. Farantin sola nawa zai saya? Mai kame-kame zai ce a sa biyu a gani, in bai ja ba a ƙara. Mai lissafi zai ce: ruwan kilo 20,000 ne, a ninka da 9.8, a ninka da 15, ya ba da kusan jul miliyan 2.9, wato kilowat-awa 0.8 da ɗan ɗori. Famfo da waya za su cinye fiye da rabi, sai a ce ana buƙatar kilowat-awa 2. Ranar ƙasar nan tana ba da kamar awa shida na cikakken ƙarfi, to faranti na wat 350 ko sama da haka kaɗan. Minti biyar a takarda, ya tsare wa manomi kuɗin da ba shi da su.

Mu nan muna zaune kusa da madatsar Sinnar. Tun 1925 take tura ruwan Nilu Shuɗi cikin gonakin Jazira ta hanyar gangara kawai. Waɗanda suka haƙa waɗancan magudanai sun auna gangaren ƙasa ne taku-taku kafin a sa fartanya. In warsharka za ta raba yaro da alƙalami, ba na goyon baya.

Usta Jibrin (Kassala):
Allah ya ƙara girma Baffa. Ni ban yi jami'a ba, a gareji na tashi, injin ban ruwa da janareta da raksha, wato keke mai ƙafa uku, duk suna bi ta hannuna. Maganarku gaskiya ce amma rabi ce. Masu digiri suna zuwa wurina, in na miƙa wa mutum sufana sai ya rasa ta ina zai kama. Yarana kuwa da kunne kawai suke gane ciwon inji.

Sauran rabin kuma naku ne. Yarana sun iya gyara abin da suka taɓa gani. Da sola ta cika gari bayan wuta ta yi wuya, sai aka fara kawo mana inbata da famfon da ke aiki da faranti, a nan suka tsaya. Akwai wani mai lambu a sawagi, wato lambunan ban ruwa na bakin gari, da waya ke ta yi masa zafi tana narkewa, an sauya ta, an sake sauyawa. Wata ɗaliba ce ta zo ta ce siririyar waya aka sa wa wuta mai yawa. Ustaz, in za ka yi abin nan, ka haɗa naka da nawa a rukuni ɗaya. Injin walda da tebur ina da su.

Baffa Sale (Maiwurno):
Jibrin, yarinyar nan ta yi daidai. Wat 350 a kan bolt 12 kusan amfiya 29 ne. A kan bolt 48 kuwa amfiya 7 ne da ɗan abu. Zafin waya yana tafiya ne da ninkin amfiya a kan kanta, don haka na farko ya fi na biyu dumama waya sau 16. Kunne ba ya jin wannan. Amma na karɓi shawarar haɗa su.

Muhandisa Hajara (Gadarif):
Assalamu alaikum. Ustaz, ka tambayi da me za a fara. Ni na ce a fara da randa cikin randa, kuma zan faɗi dalili dalla-dalla.

Marigayi Mohammed Bah Abba malami ne a Jigawa, a Najeriya, daga gidan magina tukwane. A shekarun 1990 ya ɗauki abin da kowace uwa ta sani, cewa ruwan randa ya fi sanyi, ya mayar da shi ma'ajiyar kayan miya. Ƙaramar tukunya cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle. Ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000, kuma dabarar ta iso har Darfur, mata suka riƙa ajiye tumatir da kuɓewa a ciki. Namu ne ya yi, da yumɓu da yashi. Wannan kaɗai darasi ne ga yaron da ya ɗauka ƙirƙira sai mai dala.

Amma ba don tarihi na zaɓe ta ba. Na zaɓe ta ne don tana cike da tambayoyin da ba wanda zai amsa daga kan kujera. Ruwan da ke tsattsafowa ta jikin babbar tukunya yana zama tururi, kuma kowace lita ɗaya da ta tashi tana tafiya da zafi kusan kilojul 2,400. In da zafin waje ba ya kutsowa, wannan ya isa ya sauke zafin ruwa lita 57 da digiri 10. To kaurin yashi nawa ya fi? Yashi mai laushi ko mai tsakuwa? A inuwa mai iska ko a cikin ɗaki? In aka ɗora ta a kan ƙarfe mai ƙafa uku iska na bi ta ƙasa, me zai ƙaru? Sau nawa za a zuba ruwa a yini, kuma a garin da ake sayen ruwa a jarka kamar namu, sanyin ya biya kuɗin ruwan? Kowane rukuni ya sauya abu guda ɗaya tak, ya bar sauran, ya rubuta zafi kowace awa.

Sannan ga abin da zai faranta wa Baffa rai. Akwai iyakar da ba za a wuce ba komai dabara. A naɗe bakin ma'aunin zafi da jiƙaƙƙen ƙyalle a kaɗa shi a iska, abin da ya nuna shi ne ƙarshen sanyin da tukunyar za ta iya kaiwa. A rana mai digiri 40 da danshi kashi 20 cikin ɗari, iyakar tana wajen digiri 22. A digiri 35 da danshi kashi 70, tana wajen 30. Yaro ya lissafa iyakar tukuna, sannan ya ga nawa tukunyarsa ta kusanta.

Bashmuhandis Adamu (Bur Sudan):
Kenan a nan bakin teku ba za ta yi wani abin kirki ba. Danshin garin nan ya yi yawa.

Muhandisa Hajara (Gadarif):
Haka ne, kuma ina so yaran su gano hakan da kansu kafin wani ya faɗa musu. Abin da ya yi aiki a Kassala ya ƙi a Bur Sudan, me ya sa? Injiniya daga wannan tambayar yake farawa.

Nafisa (Kassala):
Assalamu alaikum iyayena da malamaina. Ni ɗaliba ce a aji uku, ku yi mini afuwa in sa baki.

Baffa, da girmanku, mu ba alƙalami muke gudu ba. Alƙalami kaɗai muke da shi. Abin da ke damunmu tsoro ne. Tun daga shahadar sakandare, maki ɗaya na iya raba mutum da kwalejin da yake so, saboda haka mun koyi cewa kuskure asara ne. In malam ya yi tambaya a aji, ko ina da wani tunani na daban ba na faɗa, sai na tabbata shi ne abin da ke cikin takardar lacca. Ustaz, in ka ce mana “ku yi tunani” ranar farko, wallahi shiru za ka ji. Ba rashin tunanin ba ne. Jira muke mu gane wace amsa kake so.

Abu na biyu. Duk aikin rukuni da na taɓa shiga, maza ne ke riƙe kayan aiki, mu a ba mu biro mu rubuta rahoto saboda wai rubutunmu ya fi kyau. In haka za a yi a warshar nan, gara in zauna gida in taya Inna aiki. Kuma a duba lokaci, don yawancinmu ba za a bar mu mu kai magariba a waje ba.

Ustaza Zainab (Kassala):
'Yata Nafisa, kin faɗi abin da ke raina. Ustaz Bashir, wannan ba a barinsa ga kirkin yara, doka ake sawa. Kowace Asabar aiki ya juya: wanda ya riƙe zarto wancan mako, wannan mako shi ne mai biro. A fara da hantsi a tashi kafin la'asar. Ni zan riƙa zuwa in zauna, don iyaye su samu natsuwa.

Ina kuma da matsala ta biyu daga ɓangarena na kemistiri. Ruwan kogin Gash da na hafirai, wato tafkunan da ake haƙawa don tara ruwan sama, a damina jawur yake da laka. Matan ƙauyukan bakin Nilu sun daɗe suna daka ƙwayar zogale su zuba a ruwa, laka ta kwanta. Wata mai bincike, Dakta Samia Jahn, ta bi ƙauyukan Sudan ta rubuta wannan tun shekarun 1970 da 1980. Sirrin shi ne akwai wani furotin a ƙwayar da ke jawo ƙananan ƙwayoyin laka su dunƙule su nutse. Ƙwaya nawa ga lita? Ya danganta da kaurin lakar, kuma in ta yi yawa ruwan ya sake gurɓacewa. Yara su nemo ma'aunin da kwalabe a jere.

Sai dai a nan zan tsaya da ƙafafuna. Mun ga abin da kwalara ta yi a jihar nan tun Agustan 2024. Ruwa ya yi garau ba ya nufin ya tsarkaka. Zogale share fage yake yi don kulorin ya yi aiki, domin laka tana cinye kulorin. Bayan minti 30 da zubawa ana so a samu ragowar kusan miligiram 0.5 a lita. Ba wanda zai sha ruwan gwaji, kuma ba yaron da zai koma gida ya ce wa uwarsa zogale ya wadatar.

Dakta Yakubu (Jidda):
Salam ga kowa. Na karanta duka, kuma ina so in amsa wa Bashmuhandis Adamu kan cewa abin ba ya koyuwa.

A 2014 wasu masu bincike a Amurka, Scott Freeman da abokan aikinsa, sun tattara nazari 225 kan azuzuwan kimiyya da injiniya da lissafi a jami'o'i. Inda lacca zalla ake yi, kusan kashi 34 cikin ɗari na ɗalibai ke faɗuwa. Inda ake sa su aiki da tattaunawa a cikin aji, kusan kashi 22. Wannan bai auna ƙirƙira kai tsaye ba, amma ya nuna sa hannu ba ya rage fahimtar darasi, ƙara ta yake. Jami'ar Aalborg a Denmak tun 1974 ta gina karatun injiniyanta a kan aikin rukuni. Ba ma sai mun je nesa ba: Kwalejin Likitanci ta Jami'ar Jazira tun ƙarshen shekarun 1970 take tura ɗalibai ƙauyuka su fara daga matsalar mutane. A nan ƙasarmu, a garin Madani, aka yi wannan.

Amma Adamu yana da gaskiya a kan taron “kowa ya faɗi abin da ya zo bakinsa”. Tun 1958 aka gwada a Jami'ar Yale, aka ga mutum huɗu da kowa ya zauna shi kaɗai sun fi mutum huɗu da ke magana tare yawan dabaru. A wurinmu abin zai fi tsanani, don ƙarami ba ya katse babba, mace kuma takan yi kawaici. Maganin tsoron da Nafisa ta faɗa ke nan: minti goma na farko kowa ya zana dabararsa uku a takarda, ba suna, a tattara a cakuɗa, sannan a tattauna.

Akwai kuma hanyar da ake koyarwa. Genrich Altshuller a Tarayyar Sobiyet ya fara nazarin takardun mallakar ƙirƙira a 1946, ya lura cewa kusan kowace ƙirƙira warware wani saɓani take yi, inda gyara abu ɗaya ke ɓata wani. Ku dubi tukunyar Hajara: ana so ta tsattsafar da ruwa don ta yi sanyi, ana kuma so kada ta jiƙa abinci. Sai aka raba aikin biyu, ta waje ta tsattsafa, ta ciki ta tsare. Ko farantin sola: ƙura na rage masa ƙarfi, wanki na cin ruwan da ake wahalar samu. A koya wa yaro ya fara rubuta saɓanin a jimla ɗaya. Wannan horo ne, kuma yana shiga.

A nan Saudiyya gidauniyar Mawhiba tun 1999 take zaƙulo yara masu hazaƙa, tana shirya gasar Ibda'a, waɗanda suka yi fice su tafi gasar duniya a Amurka. A 2018 an tara kusan mutum 3,000 a nan Jidda don neman dabarun sauƙaƙa aikin Hajji, kuma rukunin 'yan mata ne ya zo na ɗaya da manhajar fassara allunan hanya ga alhazai.

Bashmuhandis Adamu (Bur Sudan):
Dakta, Saudiyya da kuɗinta take yi. Mu muna maganar yaran da wasunsu a aji suke kwana a makarantun da aka mayar sansani. Kuma ko sun koya, ina masana'antar da za ta ɗauke su? Masana'antun Bahri, wato Khartum ta Arewa, sun ƙone.

Dakta Yakubu (Jidda):
Ba kuɗin na ce a kwaikwaya ba. Abin da na ɗauka daga taron Jidda shi ne matsalar daga ƙofar gida aka ɗauko ta. Game da aiki kuwa, wa zai sake haɗa wutar unguwanni da tashoshin ruwa? Za a yi shi da kayan da ba su cika ba, da zanen da ya ɓata. Wanda ya iya bin littafi kawai zai tsaya jiran kayan da ba za su zo ba.

Baffa Sale (Maiwurno):
Nafisa 'yata, na ji ki, kuma maganarki ta taɓa ni. Amma kada ku raina hadda. Mu da muka fito daga khalwa, wato makarantar allo, mun san amfaninta. Wanda jadawalin ninki da ƙa'idojin aljabra ke zaune a kansa, hankalinsa a sake yake ya yi wani tunanin. Laifin ba na hadda ba ne, na wanda ya tsaya a kanta ne.

Yakubu, alƙaluman Amurka na ji su, sai dai waɗancan ɗalibai suna da ɗakin karatu da wuta. Ni sharaɗina ɗaya ne. Kafin rukuni ya taɓa guduma, ya rubuta hasashensa da lamba: muna zaton zafi zai sauka zuwa kaza, saboda kaza. Bayan gwaji a kwatanta. In sun saɓa, a zauna a nemo dalili. In an yi haka, ni ma ina ciki.

Nafisa (Kassala):
Na gode Baffa. In hasashen ya saɓa, ba za a rage mana maki ba ko?

Ustaz Bashir (Kassala):
Babu maki sam, Nafisa. Rukunin da hasashensa ya saɓa kuma ya gano dalili, shi zai fara bayani a gaban kowa.

Muhandisa Hajara (Gadarif):
Akwai ramin da ba a ambata ba, kuma injiniyoyi sun fi kowa faɗawa ciki: ƙera wa mutane abin da ba su nema ba. A 2005 masana daga Berkeley a Amurka, ƙarƙashin Ashok Gadgil, sun je sansanonin Darfur don samar da murhu mai cin itace kaɗan, saboda mata na shiga haɗari wurin neman itace. Akwai murhun da ya yi kyau a Indiya, amma a Darfur sai da aka sake masa fasali, don ana girki a fili cikin iska, tukwanen masu zagayayyen gindi ne, kuma tuƙin asida yana buƙatar murhun da ba zai kife ba. Duk wadda ta taɓa tuƙa tuwon gidan mutum goma ta san wannan, amma ba ya cikin lissafin zafi.

Don haka Asabar ta farko kada a ƙera komai. A tura yara wurin mai sayar da tumatir a kasuwa, wurin mai lambu, wurin iyayensu mata a madafa. Su tambaya, su saurara, su auna. Kwando nawa ke lalacewa, a kwana nawa, nawa mai kayan zai iya biya? Kuma ranar ƙarshe waɗannan mutanen ne za su zo su ce abin ya yi ko bai yi ba.

Usta Jibrin (Kassala):
Wannan magana ta Muhandisa ita ce. Ni kuma nawa sharaɗin na lafiya ne. Ba yaron da zai taɓa wutar gida. Bolt 12 ya ishe su koyo. Batirin lithiyam da aka ciro daga tsohuwar kwamfuta ba abin wasa ba ne, in ya huje ko ya kumbura wuta yake kamawa. Walda sai da gilashi kuma sai ina tsaye. Sannan duk ƙarfen da ba a san asalinsa ba, musamman wanda aka kwaso daga wuraren da aka yi faɗa, kada ya shigo harabar nan. Yara suna son tsince-tsince, a ja musu kunne tun ranar farko.

Ustaza Zainab (Kassala):
Allah ya saka da alheri Usta. Wannan na ƙarshen a rubuta shi a ƙofa.

Bashmuhandis Adamu (Bur Sudan):
To ni ma ga nawa. Kada a ba da takardar shaida. Ranar da aka ce akwai shahada, masu neman takarda za su cika wurin, masu neman koyo su rasa wurin zama.

Nafisa (Kassala):
Bashmuhandis, ku yi haƙuri, a nan ban bi ku ba. Ku kuna da aiki da suna. Mu in muka je neman aiki ko gurbin ƙaro karatu, takarda ake tambaya. Shekarunmu sun tafi a yaƙi, ba mu da horon masana'anta da za mu nuna. Me za mu ce mun yi?

Dakta Yakubu (Jidda):
Dukanku kuna da hujja. Ga tsakiya: kowane ɗalibi ya riƙe littafin aikinsa, da kwanan wata, da zane, da awo, da abin da ya ƙi da dalilinsa, da hotuna a waya. A ƙarshe Ustaz da Usta su sa hannu a kan abin da suka gani da idonsu. Ni ina zama a kwamitin tantance masu neman aiki, kuma wanda ya buɗe mini irin wannan littafi ya fi mai takardar halartar taro nesa ba kusa ba.

Bashmuhandis Adamu (Bur Sudan):
Littafin aiki na yarda da shi. Batun baiwa kuwa har yanzu ina kan bakana, za ku ga wasu sun yi wa wasu nisa.

Ustaz Bashir (Kassala):
Za su yi, Bashmuhandis, kamar a kowane aji. Ni dai ina so na bayan ma ya matsa daga inda yake.

Ga yadda na tsara daga maganganunku. Asabar ta farko kasuwa da lambu da madafa. Ta biyu zane a ɓoye da hasashe da lamba. Daga ta uku a fara ƙira, rukuni biyu kan randa, biyu kan zogale, kowane rukuni da yaron Usta guda. Famfon sola sai zagaye na gaba, in mun samu aron faranti. Abin da ya rage mini ma'aunin zafi ne, guda ɗaya gare ni, ana buƙatar aƙalla shida.

Dakta Yakubu (Jidda):
Ma'aunan zafi da mitar awon wuta guda biyu suna kaina. Akwai mai tahowa ta Sawakin, zan ba shi.

Baffa Sale (Maiwurno):
Ni zan riƙa turo tambayoyin lissafi uku kowace Alhamis, daidai da aikin makon. A buga su ko a kwafa a allo, kada a tura wa yara amsa.

Bashmuhandis Adamu (Bur Sudan):
Muhandisa Hajara, turo mini faɗin bakin tukwanen biyu da kaurin yashin da za su fara da shi. Zan haɗa irinta a nan bisa rufin gida in riƙa auna zafi a sa'o'in da suke aunawa, su samu lambobin bakin teku su kwatanta da nasu. Ustaz, ƙarfe nawa za ku riƙa ɗaukar awon farko?

Ustaz Bashir (Kassala):
Ƙarfe tara na safe, sannan kowace awa har uku na rana. Ka rubuta da danshin iska in kana da abin aunawa, in babu ka yi dabarar jiƙaƙƙen ƙyallen.